Rigunan filo da zanen Girka: inda aikin ya kai

'Yan'uwa masu koyon wannan ɗinki, yau mako uku ke nan da na fara ƙawata falona da zanen Girkawan dā da ake kira miyanda, wato layi guda da ke tafiya yana karyewa a kusurwa, ya shige ciki, ya sake fitowa ba tare da ya yanke ba. Sunan ya samo asali ne daga wani kogi mai yawan lanƙwasa da ke yammacin Turkiyya ta yau. Samfurin da nake bi na ɗauko shi ne daga hoton wani tsohon tulu da ake kira tulun Difilon, wanda aka gina a birnin Atina na Girka wajen shekara ta 750 kafin haihuwar Annabi Isa, tsayinsa kuwa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi.

Da farko zare shuɗi da farin yadi na saya, amma da na lura cewa waɗannan launukan tutar Girka ne, tulun kuwa baƙin zane ne a kan launin yumɓu, sai na koma ga baƙin zare da yadi mai ruwan ƙasa.

Kusurwa ce ta fi ba ni wahala. Kowace gaɓar zanen santimita 6 ce, gefen filon kuma santimita 45, saboda haka bayan gaɓa bakwai sai santimita 3 suka rage, rabin gaɓa ke nan, layin ya rasa yadda zai juya. Dole na warware aikin kwana biyu. Yanzu sai na fitar da zanen a takarda mai gida-gida, na fara sa alama da alli daga tsakiyar gefe zuwa ƙarshensa, sannan na cike kowace kusurwa da ƙaramin murabba'i. Ku kuma kula faɗin layin ya zo daidai da faɗin filin da ke tsakanin layuka, domin da zarar ɗaya ya fi ɗaya, zanen ya dagule a ido.

Na gama rigunan filo huɗu, saura labule. Tulun a cike yake da zane daga wuya har gindi, amma a ganina falo ba zai ɗauki haka ba, don haka a bakin labulen na ƙasa kaɗai zan ja layi ɗaya. Na riga na jiƙa baƙin zaren a ruwa don in ga ko launinsa zai zuba kafin in taɓa yadin.