Nuno Loureiro da kimiyyar filasma a kwamfuta

Ina rubuta wannan ne domin ƙannena Hausawa da ke karatun kimiyya a Jidda da Makka, waɗanda yawancinsu suke ɗauka cewa binciken filasma, wato iskar da zafi ya raba ƙwayoyinta kamar yadda yake a cikin rana, sai mai babban ɗakin gwaji ne zai iya yin sa.

Aikin Nuno Loureiro, masanin filasma ɗan ƙasar Fotugal, ya nuna ba haka ba ne. Ya kammala digirin digirgir a Imperial College da ke Landan a 2005. A 2007 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa siririn shimfiɗen lantarki da ke tsakanin layukan maganaɗisu yana tsinkewa gunduwa-gunduwa, lamarin da ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa fashewar saman rana take faruwa da sauri haka. Lissafi da kwamfuta ne makamansa. A 2015 Ƙungiyar Masana Fiziks ta Amurka ta ba shi lambar yabo ta Thomas Stix, wadda ake ba matasan masu bincike, kuma a 2016 ya fara koyarwa a jami'ar MIT da ke Amurka.

Irin wannan aiki yana yiwuwa a nan Saudiyya, domin jami'ar KAUST da ke Thuwal tana da babbar kwamfuta mai suna Shaheen.