Kafin Ku Ɗauki Tsumma

Ƙannena masu fara aiki a sito, gareji, asibiti ko masana'anta, za ku ga wani bokiti ko akwati a gefe da aka tanada don tsane abin da ya zube. Ku buɗe shi tun lafiya lau, ku san abin da ke ciki. Ni ban buɗe namu ba sai ranar da ruwan batir ya malale a ƙasa, na tarar babu safar hannu, wani ya ara bai mayar ba. Gaggawa ta sa na kama tsumma haka nan, na kuma kwara ruwa. Ruwan batir asid ne mai ƙarfi. Ya ƙona mini yatsu, ruwan da na kwara kuma ya kwashe shi ya kai magudana.

Tambayar da ban yi ba ita ce ta farko: me ya zube? Sinadarai na zuwa da takardar bayanan kariya mai sashe 16. Na 6 yana faɗin yadda za a yi idan abin ya zube, na 8 kuma abin da za a sa a jiki. Ku karanta su kafin ranar ta zo.

Idan kun gane abin, ku nisantar da mutane, ku sa safar hannu da tabaran kariya, ku tayar da jarkar ko ku rufe famfon. Sai ku kewaye ruwan da dogayen matasan kai masu tsotse ruwa da ke cikin akwatin, ku toshe bakin magudana, sannan ku tsane daga gefe zuwa tsakiya.

Launin ƙyallen tsotsa, wato ƙyallen da ke shanye abin da ya zube, yana da ma'ana, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Yawanci fari na mai ne kawai, ba ya shan ruwa ko kaɗan, shi ya sa ake iya kwashe mai da shi daga saman ruwa. Mai launin toka yana shan ruwa da mai. Rawaya shi ne na asid da sauran sinadarai masu cin fata. Ɗan ruwan batir ana kashe kaifinsa da bekin soda, a riƙa barbaɗawa har ya daina kumfa. Dusar katako kuwa kada ta kusanci asid mai ƙarfi, tana iya kamawa da wuta.

Don Allah kada ku zuba bilic, wato sinadarin wankin nan mai sa kaya su yi fari, a kan abin da ba ku sani ba. Idan ya haɗu da asid ko amoniya yana fitar da iska mai guba. Idan fetur ne, kada wanda ya taɓa makunnin lantarki. Abin da ya fantsama a ido a wanke shi da ruwa aƙalla minti 15, a tafi asibiti.

Ƙyallen da ya sha sinadari a ɗaure shi a leda mai kauri, a rubuta abin da ke ciki, kada a jefa shi cikin shara. Idan kuwa abin ya yi yawa, ko warinsa na sa ku tari, ku fita, ku rufe wurin, ku kira waɗanda aka horar da su.