Sukumbiyar da ba ita ba: abin da sunan kifi ya jawo mana

Takardar da ta jawo mana asarar nan layi huɗu ce kacal, da Faransanci. Maquereau congelé, girman gram 300 zuwa 500, katan mai kilo 20, sai FAO 34 a can ƙarshe. Aikina shi ne in karanta irin waɗannan takardu na masu turo kifin ƙanƙara daga waje, in daidaita sunayen da waɗanda dillalanmu suka sani. Na ga maquereau, na rubuta sukumbiya, wadda mutanen kudu ke kira taitus. Farashin ya fi na kullum sauƙi, Alhaji, maigidanmu, ya ce a ɗauko kwantena guda. Kwantenar sanyi mai ƙafa 40 takan ɗauki wajen tan 26, katan 1,300 ke nan.

Ranar da aka buɗe katan na farko a ɗakin sanyi, wata hajiya da ta daɗe tana sayen kifi a wurinmu ta ɗauki guda, ta juya cikinsa sama, ta ce: "Malam, wannan ai ba ita ba ce." Ta ajiye, ba ta ko taya ba. Kuma gaskiyarta.

Kifi biyu ne ke amsa wannan suna. Wanda kasuwarmu ke biya da tsada shi ne Scomber scombrus, na ruwan sanyi na arewacin Atlantika, wajen Nowe, Sikotland, Ailan da tsibiran Faro. Zanen bayansa baƙi ne ƙirin, layi-layi a fili, cikinsa kuma fari tas babu ko ɗigo. Idan an kama shi tsakanin Satumba da Nuwamba maiƙonsa yakan kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, shi ya sa yake laushi a miya, yake kuma kyau a banda. Wanda ya zo mana Scomber colias ne, na ruwan Maroko, Muritaniya da Sanagal. Idonsa ya fi girma, zanen bayansa siriri ne a cakuɗe, kuma daga gefe zuwa ciki akwai ɗige-ɗige masu ruwan toka. In ka feɗe shi za ka tarar da jakar iska a jikin ƙashin baya, abin da scombrus ba shi da shi sam. Ƙayoyin fiffiken baya na farko ma sun bambanta: 11 zuwa 13 a scombrus, 9 ko 10 a colias. Kifi ne mai kyau, ana cin sa lafiya lau, amma maiƙonsa bai kai na wancan ba, kuma mata masu suya sun san bambancin tun kafin ƙanƙara ta narke. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ke min ciwo har yau shi ne gargaɗin yana cikin takardar, idona ya bi ta kansa ya wuce. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta raba tekunan duniya yanki-yanki da lamba. Lamba 27 ita ce arewa maso gabashin Atlantika, gidan scombrus. Lamba 34 ta fara daga mashigin Jibralta ta gangaro gaɓar Afirka ta Yamma har bakin kogin Kwango. Lamba 47 ruwan Angola, Namibiya da Afirka ta Kudu ne, 37 Bahar Rum da Bahar Aswad, 87 kuma gefen Fasifik na Chile da Peru. Duk sukumbiyar da aka loda daga Nuwadibu, tashar jiragen ruwa ta Muritaniya, da lamba 34, ka ɗauka colias ce sai in an nuna maka akasin haka. Mai kayan bai yi mana ƙarya ba. Ya rubuta maquereau, kuma maquereau ya turo. Lambar kwastam ma ba za ta cece ka ba, domin 0303.54 ta tara sukumbiya iri-iri a layi ɗaya.

Bayan wannan ne na zauna na jera sunayen kifayen da muke saye a harsuna shida, sai na ga ashe rami ɗaya na faɗa cikin ramuka masu yawa. Bafaranshe in yana son bambancewa yakan kira colias maquereau espagnol, wato sukumbiyar Sifen. In ka mayar da wannan Turancin Ingila kalma da kalma, Spanish mackerel, ka koma wani kifi dabam, dogo mai haƙora na dangin Scomberomorus, wanda Faransawa ke kira thazard. A Fotugal kuwa colias ne cavala, scombrus kuma sarda. To amma a Latin Sarda sarda wani kifi ne dabam, ɗan uwan tuna, wanda ake kira bonito. Mutumin Sifen yana cewa caballa ga duka biyun a kasuwa, sai a takarda yake ware colias da sunan estornino. A kasuwannin Gana kuma wannan sukumbiyar tamu ce ake kira salmon, alhali ba abin da ya haɗa ta da salmon na Nowe mai jan nama. Ko taitus ɗin ma suna ne mai fuska biyu, tunda Titus na gwangwani da ke zuwa daga Maroko sardin ne.

Wani abu ya faranta min rai a tsakiyar wannan bincike. Latin ya ari scomber daga Girkanci, skombros. Italiyawa na cewa sgombro, Turkawa uskumru, Rashawa skumbriya. Ka maimaita na ƙarshen da ƙarfi sau biyu, ka saurari abin da mai tallar kifi ke kira a ƙofar gidanku. Kalmar da nake ɗauka ta bakin kasuwa ce kawai, dangi gare ta har gaɓar Bahar Rum.

Kote ba shi da wuyar ganewa a ido, domin yana da ƙayoyi masu tauri jere a gefensa har wutsiya kamar haƙoran zarto. A takarda ne yake ruɗarwa, saboda Turancin Ingila ya kira shi horse mackerel, wanda bai sani ba sai ya ɗauka irin sukumbiya ne, alhali ba ma danginsu ɗaya ba. Faransawa na cewa chinchard, a Sifen jurel, a Fotugal carapau. Shi ma iri-iri ne: Trachurus trachurus na Turai, capensis na Namibiya, trecae na Muritaniya zuwa Angola, murphyi na Chile, kowanne da farashinsa. Shawa kan zama Clupea harengus na Tekun Arewa, ko Sardinella aurita da maderensis na gaɓarmu. Fanla kuwa nan ne harafi biyu ke iya cinye jarin mutum. Merlu da Faransanci shi ne Merluccius, babba mai kaurin nama, wanda a Sifen ake kira merluza, a Fotugal pescada. Merlan wani ne dabam, merlan bleu kuma shi ne Micromesistius poutassou, ɗan siriri da ba ya cika wuce santimita 30. Da shi da Merluccius duk fanla ake kiran su a kasuwarmu. 'Yan uwanmu na Nijar sun san irin wannan a ruwan daɗi: capitaine a Yamai giwan ruwa ne, Lates niloticus, amma a gaɓar Sanagal ko Gini sunan kifin teku ne, karfasa kuma carpe ake ce mata.

Da na ga haka sai na kama sunan Latin hannu bibbiyu, kuma a nan na kusa yin kuskure na biyu, na kuma fahimci sai mutum ya san kalmomin teku na wannan harshe. Mu teku muke da ita, sai bahar da muka aro daga Larabci muke liƙa wa Maliya, Rum da Aswad. Rumawa kuwa kalmominsu sun fi haka yawa. Mare ita ce ta kullum, daga ita aka sami mer na Faransanci da mar na Sifen da Fotugal, kuma Bahar Rum suna kiran ta Mare Nostrum, tekunmu. Oceanus daga Girkawa ta zo, sunan babban ruwan da suka ɗauka ya kewaye duniya. Pelagus tsakiyar teku ce nesa da gaɓa. Pontus ma teku ce, amma ta fi manne wa Bahar Aswad, Pontus Euxinus. Sinus lungun teku ne da ya kutsa cikin ƙasa, shi ya sa Bahar Maliya take da suna Sinus Arabicus ban da Mare Rubrum, jar teku. Fretum mashigi ne matsattse. Aequor, shimfiɗar ruwa, da altum, mai zurfi, mawaƙansu ne suka fi amfani da su, ba za ka gan su a katan ba.

Wadda za ka gani kullum ita ce pelagus. In kamfani ya ce yana sayar da pelagic ko pélagiques, yana nufin kifin da ke yawo garke-garke a saman ruwa da tsakiyarsa: sukumbiya, kote, shawa, sardin. Su ne masu maiƙo, su ne kuma ke saurin lalacewa in sanyi ya gaza digiri 18 ƙasa da sifili, maiƙon ya yi tsami, cikin ya fashe. Demersal daga demergere ne, nutsewa, wato na kusa da ƙasan teku, farin nama marar maiƙo kamar Merluccius da Gadus morhua da ake busarwa a Nowe.

Kuskuren da na kusa yi shi ne ɗaukar kalma ta biyu ta sunan a matsayin adireshi. Tun 1758, lokacin da Carl Linnaeus na Suwidin ya fitar da bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, kowace dabba take da suna biyu, na dangi da na kanta. Na biyun sau da yawa sunan wuri ne: mediterraneus, ponticus, atlanticus, japonicus, capensis, senegalensis, maderensis. Wata takarda ta zo daga Muritaniya da Scomber japonicus, na kusa ce wa Alhaji an sauya mana kaya da na Japan. Ashe shekaru da yawa masana sun ɗauki na Atlantika da na Fasifik a matsayin kifi ɗaya da sunan japonicus, daga baya aka raba su, na Atlantika ya koma colias, sunan da aka ba shi tun 1789. Wasu masu fitar da kaya har yanzu tsohon sunan suke bugawa. Saboda haka japonicus da lamba 34 colias ne, irin wanda ya cika mana ɗakin sanyi. Haka Sardinella maderensis, tsibirin Madera ya ba ta suna, amma daga Sanagal har Angola ake kamun ta, har da ruwan Nijeriya. Trachurus mediterraneus ma ana samun sa a Bahar Aswad da gaɓar Faransa ta Atlantika. Sunan yakan nuna inda aka fara bayyana kifin a rubuce ne. Inda jirgi ya jefa koma, lambar yanki ce ke faɗa.

Yanzu ba na fassara sunan kasuwa ko ɗaya kai tsaye. Kafin a biya ko kwabo, ina neman abu huɗu a rubuce a takardar farashi, kuma su dawo iri ɗaya a takardar shaidar lafiya da jikin katan: cikakken sunan Latin kalma biyu, harufa uku na hukumar abinci da noma, lambar yanki, da watan kamu. Harufan sun fi komai saurin kama ƙarya ko ruɗu. MAC scombrus ne, VMA colias, MAS japonicus. HOM koten Turai, HMC na Namibiya, HMZ na Muritaniya, CJM na Chile. HER shawar arewa, SAA da SAE sardinella, PIL sardin, WHB siririn fanla, HKE babban fanla na Turai. In na ga an rubuta Scomber spp., ina mayar da takardar, domin spp. ɗin nan ma'anarsa kowanne daga cikin dangin, kuma wanda ya rubuta shi ya bar wa kansa ƙofa. In sunan da lambar yanki ba su dace ba, kamar MAC da 47, ba na neman bayani ta waya, sai a rubuce.

Watan kamu ma na ƙara shi ne saboda scombrus na gaskiya da aka kama bayan ya zubar da ƙwai, wajen Mayu, ramamme ne, maiƙonsa kan sauka ƙasa da kashi 10, kuma hajiyar nan za ta ajiye shi kamar yadda ta ajiye wancan. Sannan ina neman hoto uku na kifi da aka narkar, ba wanda ke cikin dunƙulen ƙanƙara ba: baya, ciki, da feɗaɗɗe. Hoton baya shi kaɗai ba ya isa, domin a ƙarƙashin ƙanƙara zanen duka biyun yana kama. Cikin ne ke tona asiri, kuma shi ne hoton da ban nema ba a wancan karo.

Kwantenar ta ƙare, amma sai da muka karya farashi sau biyu, muka kuma sayar da ita da sunanta na gaskiya, ƙaramar sukumbiya, ga masu banda da masu abincin sayarwa. Ta yi mako bakwai a ɗakin sanyi maimakon uku, janareta na shan gas dare da rana, kuma wannan kuɗin ya fi ragin farashin ciwo. Alhaji bai yi min faɗa ba. Ya dai ce: "Malam, gobe ka karanta har ƙarshen layi." Takardar tana nan manne a bangon ofishina, na zagaye FAO 34 da jan biro.