Askin bishiya a lambun Jos: kowace da lokacinta

Lambun da nake kula da shi yana bayan Bukuru, ta hanyar Vom, bai cika kadada ɗaya ba. Akwai mangwaro mai aure, gwaiba, lemun zaƙi da 'yan bishiyoyin fiya. Ba ma zuba takin zamani, ba ma fesa maganin kanti. Wanda ya zaɓi wannan hanya, almakashi da zarto su ne rabin maganinsa, domin bishiyar da iska da rana ke ratsa cikinta ba ta cika tara cuta ba.

A kan mangwaro na fara shan kashi. Wata shekara na bari sai Nuwamba, ruwa ya ɗauke, na bi kan rassan na daddatse. Da hunturu ya kankama, na maƙwabta suka cika da fure, nawa kuwa sai jan sabon ganye. Ashe mangwaro a bakin reshen da ya ƙosa yake fure, wanda ya yi watanni yana hutawa, sanyi da bushewar hunturu su tashe shi. Wurin furen na yanke da hannuna. Yanzu da an tsinke ɗan ƙarshe, wajen Mayu zuwa Yuni, nake shiga, don sabon tsiron ya samu damina ya ƙosa kafin Disamba. Matsalar ita ce lokacin ruwa ya riga ya sauka, kuma ɗanyen yanka da laima ba sa shiri. Sai in jira safiyar da gari ya waye tas, ganye ya bushe.

Busasshen reshe nake fara cirewa, sai mai cuta, sai waɗanda ke gogar juna, sannan ɗaya ko biyu daga tsakiya don haske ya faɗa ciki. Ba na wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara guda.

Reshe mai kaurin damtse ba a sare shi da adda. Nauyinsa zai karye shi tun ba a gama ba, ya ɗaye ɓawon har jikin bishiya. Yanka uku nake yi da zarto. Na farko daga ƙasa, kamar santimita 30 daga jiki, in shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurin. Na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan, reshen ya faɗi abinsa. Na uku in cire kututturen da ya rage, daidai bayan kumburin nan da ke wuyan reshe. Kumburin shi ne ke toshe ciwon. In ka aske shi, rami zai buɗe. In ka bar dogon kututture, zai ruɓe ya kira gara. Kafin in koma wata bishiya nakan tsoma kayan aiki a ruwan bilic, murfi ɗaya cikin murfi tara na ruwa, in an tashi in goge in shafa mai, don bilic na cin ƙarfe.

Gwaiba ba ta da wannan fitina. A sabon tsiro take 'ya'ya, saboda haka aski ƙara mata ƙarfi yake. Ina riƙe ta a tsayin da hannu zai kai ba tsani.

Lemu kuwa a ƙyale shi ya fi, ban da abu biyu. Duk tsiron da ya fito ƙasa da wurin aure, na uwar gindi ne, wato itacen ƙasa da aka aura lemun zaƙin a kansa, yawanci ga ƙaya ga saurin girma. In aka bar shi zai danne lemun zaƙin. Tun yana ɗanye nake ɓalle shi da yatsa. Na biyu kauci, wanda tsuntsaye ke shafa irinsa a kan rassa. Fizge shi aikin banza ne, tushensa na cikin itacen, dole a yanke reshen daga ƙasa da inda ya kama.

Da damina ta ja baya, wajen ƙarshen Oktoba, kowace babbar bishiya na samun kwando biyu ko uku na kashin shanu da ya ruɓe sosai, a zagaye daidai inda inuwarta ta ƙare, don nan ƙananan saiwoyi suke. In rufe da busasshiyar ciyawa, amma in bar taku ɗaya fili a kewayen gindi. Lemun da na taɓa tara wa ƙasa da ciyawa a jiki, danƙo ya riƙa fita daga ɓawonsa har ya bushe. Ciyawar kuma abincin gobara ce a hunturu, shi ya sa nake share layi mai faɗin mita uku a bakin shinge kafin masu farautar ɓera su fara cinna wuta.

Ƙudan da ke sa tsutsa a mangwaro da gwaiba, a ƙasa tsutsar tasa ke rikiɗa. Duk ɗan da ya faɗo, kullum da safe sai a tsince, a ƙulle a baƙar leda a ajiye cikin rana kamar mako guda, sannan a juye a ramin taki.