Saiwar darbejiya ce ta ɗaga mana dabe

Damina biyu ina tsallake tsagar da ke bakin daben tsakar gidanmu, kullum ina cewa gobe. Sai da Inna ta yi tuntuɓe da ita da asuba, buta a hannu, sannan na ajiye lalaci.

Na taɓa yi mata gyaran ganin ido. Na kwaɓa siminti na cusa a tsagar, na shafe da cokalin gini. Ko wata uku bai rufa ba ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Wannan karon sai na kira wani dattijon magini na unguwarmu. Ko durƙusawa bai yi ba, ya ɗaga kai ya dubi darbejiyar da ke jikin katanga, ya ce, "Malam, ga mai laifin can."

Muka fasa gefen da guduma, tsawon taku huɗu. Ga saiwa nan kwance, kaurin damtsena, ta bi ƙarƙashin daben tana neman danshin makwarara. Ita kaɗai muka datse da gatari, don Inna na tsaye a kanmu tana cewa kada mu kashe mata inuwa.

Aka cike ramin da jar ƙasa, aka daddaɓe ta sosai, aka kafa katako a gefe. Kwaɓinsa kuwa kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, ruwa kaɗan. Ni da na saba kwaɓi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin shafa, ashe ƙarfinsa nake ragewa. Kafin zubi ya sassare bakin tsohon daben ya yi kaushi, ya wanke ƙurar, ya jiƙa shi, ya shafa masa ruwan siminti. Busasshen dabe mai santsi, in ji shi, tsotse ruwan sabon yake yi, shi ya sa nawa bai kama ba.

Da ya daskare muka lulluɓe shi da buhunan algarara, ina ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, don haka na hana a jingina babur a wurin.

Da zai tafi ya ce saiwar za ta sake dawowa, ko ba jima ko ba daɗe. Inna ta ce ta dawo ɗin, bishiya dai ba mai sare mata.