Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a jinyar nan

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, an sallame ni daga asibiti, ina gida ina samun sauƙi bayan tiyatar gaggawar da aka yi mini. Ciki ne ya zauna mini a wajen mahaifa, a bututun da ƙwai ke bi, har bututun ya fashe jini ya taru a cikina. Allah bai nufa zai zo duniya ba, ni kuma ya sa ina da sauran shan ruwa a gaba.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga Yaya ce, babbar yayarmu da ta daɗe tana aikin ungozoma. Ciwon ya fara mini kamar na kowane wata: mara ta ɗaure, ƙugu ya riƙe, nono ya yi nauyi, ga kasala. Har ɗan jini na gani, sai dai baƙi-baƙi ne, ɗis-ɗis. Da na gaya mata ta waya, sai ta tambaye ni yaushe rabona da cikakkiyar al'ada, kuma ciwon a tsakiyar mara yake ko gefe ɗaya. Na ce ya fi tsanani ta dama. Ta ce, "Ƙanwata, kada ki sha komai tukuna, ko na kemis ko jiƙo. Aika a sayo miki tsinken gwaji." Layi biyu suka fito, alamar akwai ciki. Ta ce da safe a yi mini hoton ciki, amma idan na ji jiri ko ciwo a saman kafaɗa, kada a jira gari ya waye. Cikin dare kuwa duka biyun suka zo. Wallahi da ba ta faɗa ba, babu wanda zai haɗa ciwon kafaɗa da mara a gidanmu.

Likitar da ta yi aikin, Allah ya yi mata albarka, ta zauna ta yi mini bayani ba tare da gajiya ba. Bayan fitar ƙwai, sinadarin progesterone yana ƙaruwa a jikin mace ko ciki ya shiga ko bai shiga ba, shi ya sa nauyin nono, kumburin ciki da ciwon baya ke zuwa iri ɗaya a gabanin al'ada da farkon shigar ciki. Gwajin fitsari ne ke rabewa, kuma yana nunawa tun daga ranar da aka yi ɓatan wata. Irin cikin nan nawa na wajen mahaifa yakan faru a ciki 1 zuwa 2 cikin 100, alamunsa kuma galibi tsakanin mako na 4 da na 12 suke bayyana. Ciwon kafaɗar nan jinin da ya taru ne ke taɓa tantanin da ya raba ciki da ƙirji. Idan an gano da wuri kafin bututun ya fashe, wani lokaci allura kaɗai ke wadatarwa. Ta kuma kwantar mini da hankali cewa da bututu ɗaya ma ana haihuwa.

Maigidana, na ga yadda ka tsaya, Allah ya bar mu tare. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu da ya fito tsakar dare ya kai mu, ya kuma ƙi karɓar ko sisi, Allah ya buɗa maka. Ƙannen maigidana da suka ba da jini ba tare da an roƙe su ba, da nas-nas ɗin da suka kwana a kaina, ban da abin da zan biya ku. Hajiya, surukata, ke kika riƙe yara, kuma ba ki taɓa furta kalmar da za ta ƙara mini ciwon rashin cikin nan ba. Wannan ya yi mini daɗi fiye da yadda kike zato.

Masu dubiya, masu kawo abinci, da waɗanda suka kira ban samu ɗauka ba, ku yi mini uzuri, jikin ne sai a hankali. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba sauran marasa lafiyar da na baro a ɗakin lafiya.