Abin da gwanjon tsofaffin sulalla ya koya mini

Aikina shi ne in tantance tsofaffin sulalla da ake sa wa a gwanjon intanet kafin maigidana ya taya. Da farko hoto nake ƙura wa ido. Yanzu abin da na fara tambayar mai kaya shi ne nauyi, sai hoton gefen sulen, domin nan ne 'yan jabu suka fi kasawa.

Ɗauki dalar Mariya Tereza, wadda kakanninmu mata suka yi ado da ita, maƙeran farfaru kuma suka narkar da ita suka yi zobba da mundaye. Dillali zai rubuta cewa ta 1780 ce, ya tsawwala kuɗi. Shekarar da ke jikinta ke nan, amma ita ce shekarar da Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, ta rasu, kuma tun daga nan duk wadda aka sake bugawa 1780 ake sa mata. An buga ta a Landan da Faris da Rum da Bombay, har yau ma ana bugawa a Biyana, babban birnin Ostiriya. Ta gaske tana da nauyin giram 28 da ɗan ɗigo, kashi 83 cikin ɗari azurfa, ga rubutu a zagaye da gefenta. Wadda aka yi zubinta, rubutun gefen kan fito a cakuɗe, wani lokaci har da layin da ɓarin zubi biyu suka haɗu. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma kada a sakankance, ba ya kama tagulla ma.

Wani lokacin kuma sule na gaske ne, labarin ne ƙarya. Kwabo mai huji na 1936 da ke ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas na Ingila, wanda ya yi murabus a shekarar, ana tallarsa kamar zinariya, alhali an buga shi da yawa don Afirka ta Yamma.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne gyaran hannu. Dalar Amurka samfurin Morgan ta 1893 mai harafin S, wato bugun San Firansisko, guda 100,000 kawai aka yi. Sai a samo ta Filadelfiya ta wannan shekarar, mai araha, a manna mata S. Nauyi daidai, giram 26.73, azurfa ta gaske. Sai ka sa madubin ƙara girma ka duba gindin harafin, ko akwai canjin launi ko alamar goge.

Kwalin roba na PCGS ko NGC, kamfanonin da ke tantance sulalla su rufe su a ciki, shi ma ana kwaikwayonsa, har da lambar shaida ta gaske da aka sato. Shi ya sa ganin lambar a rumbun kamfanin bai ishe ni ba, sai na jera hoton da suka ajiye da na mai gwanjo, tabo da tabo.

Tabo ne ya fi tona asiri. Mai jabu daga sule ɗaya na gaske yake ɗaukar hatimi, saboda haka duk ƙarcen da ke jikin uwar sai ya fito a 'ya'yan. Ina ajiye hotunan gwanjon da suka wuce, kuma in na ga sulalla biyu da ƙarce iri ɗaya a kumatun hoton da ke jikinsu, sai in ce wa maigida, ranka ya daɗe, mu bar wannan ta wuce.